Kwayil Ɗin da Ke Tokare Ƙofar Inna

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu hannuna bai daina zugi ba.

Dama kafin in kwanta Yaya Haladu ya ce in tsohuwar motar marigayi Baba ba ta tashi da safe ba, 'yan gwangwan za su zo su sassare ta. Irin ta da ce, wadda ake murɗawa da handul. Kwayil kuwa, abin nan mai ba fulogi wuta, na gwada mata iri-iri, ko tari ba ta yi ba.

Sai ga ni a wani gari ina tura ta. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, mutane sun juya lema suna takawa a ciki. Na isa ofishin gwajin kwayil, na tarar da wani bunsuru da tabarau yana tauna labule.

"Samari, wuta ka kawo ko nema kake?"

"Nema nake, ranka ya daɗe."

"To shigo. A nan na ƙarshen layi ake fara gani."

Ina shiga sai na gan ni a garejinmu na da, gindin darbejiya. Ga Baba da rigarsa mai baƙin mai, yana ɓarar gyaɗa. Ban gaya masa ya rasu ba, don kada ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Sabi'u, riƙe wayar fulogin nan. Da hannu fa, ba da filaya ba."

Haka yake gwaji tun da. Shi ya murɗa, ni in riƙe, wutar na taɓa ni in saki in ruga, yana dariya yana ce mini matsoraci.

Kwayil na farko ya ba da 'yar wuta ja, ƙamshin shayin Baba kawai na ji. Na biyu ya ba da rawaya, na ji tarinsa na asuba. Bunsurun ya leƙo ta cikin injin ya ce, "Wannan rabin uba ne. Ba mu karɓa."

Sai Baba ya nufi ƙofar ɗakin Inna, ƙofar tana tsaye ita kaɗai a fili, ya zare wani tsohon kwayil mai tsatsa da aka tokare ta da shi. Ƙofar ta faɗi sama. Ya ɗaura kwayil ɗin a motar, ya tofa yawu a hannu, ya murɗa.

Wuta shuɗiya ta fito tas. Na ji ta har haƙorana, amma ban saki ba. Mota ta tashi, tana kaɗawa kamar yadda kafaɗun Baba ke yi in yana dariya.

Ya dube ni ya ce, "Kai, ashe ka girma."

Ƙwanƙwasar guduma a jikin baro ce ta tashe ni. Ɗan gwangwan ne a ƙofar gida, Yaya Haladu na amsa masa sallama. Hannuna a dunƙule yake. Daga inda nake kwance ina hango ƙofar Inna a buɗe, an tokare ta da wani abu mai tsatsa.