Jan Tsumman Kawu

Kawu ba ya bambance ja da kore. Haka Allah ya yi shi. Duk asibitin nan ni kaɗai na sani, don shekara tara muna goge-goge tare, daga kicin zuwa ɗakin yara marasa lafiya. Ba kawuna ba ne, kowa haka yake kiransa, har likitoci.

Da can ba ruwan kowa da idonsa. Sai aka kawo doka: jan tsumma na banɗaki ne, kore na teburin da ake jera abincin majinyata. Wanda ya haɗa su, ko sau ɗaya, a bakin aikinsa. Wanda kuma ba zai iya rabewa ba, ba shi da wurin zama. Dokar kam gaskiya ce, ban ce ba.

Muka yi dabara. In an raba tsummoki, ni zan ware masa jajayen, shi ya ƙulle musu gefe. Mai ƙulli banɗaki, marar ƙulli tebur. Shekara uku bai yi kuskure ba. Ni mai idon ma sau biyu yana riƙe min hannu.

Saura wata biyar ya yi ritaya cikin mutunci, aka ce duba-gari zai zo. Babbar nas, wadda in ta ji baƙo ko ƙofa sai ta sa an wanke, ta bi ta kwashe tsofaffin tsummokin nan kaf.

"Wannan ƙulle-ƙulle kuma na mene ne? Ai datti ke maƙalewa a ciki."

Wannan ma gaskiya ce. Ranar kowa da gaskiyarsa ya fito.

Ta zube sababbi a kan tire, ja da kore a cakuɗe, duba-gari na tsaye da takardarsa. Mutum ne marar hayaniya, sai leƙen ƙarƙashin tebur.

"Kawu," in ji ta, "kai ne babba. Nuna masa yadda muke goge teburin abincin yara."

Na matsa bayan duba-gari, na kafa wa koren ido, na turo baki wajensa, har da ɗan tari. In da jaki ne ma da ya gane. Kawu ya dube ni, ya dubi inda nake nunawa. Wallahi ya gani.

Ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti daidai awo. Ya sa safar hannu. Sannan ya tsaya a kan tiren.

"Ranki ya daɗe, wanne ne koren?"

Babbar nas ta yi dariya, ita kaɗai.

"Ba wasa nake ba," ya ce. "Ba na ganewa."

"Tun yaushe?" in ji duba-gari.

"Tun da aka haife ni, ranka ya daɗe."

Duba-gari ya rubuta. Rubutun bai fi layi ɗaya ba. Aka ce ni in goge teburin, na goge, ban san ma yadda na goge ba.

Kafin azahar takardar sallamar Kawu ta fito. Na same shi a ɗakin ajiyar kaya yana cire rigar aiki. Raina a ɓace yake, kuma ban ɓoye ba.

"Haba Kawu! Bakina har ya yi tsami wajen nuna maka. Wata biyar fa! Me zai ci ka in ka ɗauka ka yi shiru?"

"Na ga bakin," ya ce. "Ba wanda bai gani ba."

"To?"

"An hana ƙulli. Gobe ke kina hutu. Yara goma sha huɗu ne a ɗakin can, ƙaramarsu ko zama ba ta iya ba. Wa zai turo min baki?"

Na juya ina gyara bokitan da ba su buƙatar gyara, hawaye na zuba a ciki.

Ya ninke rigar, ya ɗora a kan kanta. Ya je famfo ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, yadda aka koya mana.

"Wannan bokitin," ya ce, "sai kin sake wanke shi."