Girar Hagu

Mai fenti yana wanke rola a bakin famfo wayarsa ta yi ƙara. Yayan matarsa ne, murya ƙasa-ƙasa kamar wanda ya ɓuya a banɗaki.

"Inna ta kafe sai ta ga 'yarta yau. Babu dabarar da ban yi ba, ta ma riga ni shiga mota. Ga mu nan a hanya."

Ya saki rolar a cikin bokiti. Inna ba ta san komai ba. Likitan da ke duba zuciyarta ya ja wa 'ya'yanta kunne kada a kai mata labarin da zai girgiza ta, shi ya sa da ɓarin jikin 'yarta na dama ya shanye kowa ya kama bakinsa. Ƙafar ta dawo, maganar ma ta dawo, amma hannun yana nan kamar na aro, gefen bakin kuma ya ɗan zube.

Ya tarar da matar tasa zaune a bakin gado. Da ya gaya mata ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ɗauko min jakar kwalliya."

"Kwalliya kuma? Yanzu?"

"Tunda na yi wayo Inna ba ta taɓa ganina babu hoda da jagira ba. Ta shigo ta gan ni haka, ai ba sai ta yi tambaya ba. Hannun zan rufe shi da mayafi. Fuskar ce ba ta rufuwa."

"To bari in kira maƙwabciya."

"Wadda in ta ji magana da safe, kafin rana ta take tana tasha? Zauna, kai za ka yi. Ba sana'arka ba ce?"

Ya zazzage jakar a kan gado. Burushi kala-kala suka zubo, wani bujuju kamar jelar kurege, wani siriri kamar tsinken sakace. Shi da ya ƙare rayuwarsa da burushi a hannu, yau ya rasa wanda zai fara ɗauka. Ya goge hannu a wando, ya matso man nan mai kalar fata a kan soso, ya shafa mata daga goshi har haɓa a ja ɗaya.

"Bango ka samu? Daddanawa ake yi, ba ja ba."

Ya daddana. Yatsunsa da siminti da tinar wanke fenti suka mayar kamar sanfefa suna gogar kumatunta. Ya tsoma babban burushin a hoda ya nufo ta.

"Kaɗe shi tukuna! So kake in fito kamar wadda ta faɗa buhun fulawa?"

Ya kaɗe. Wayar ta sake haske, Yaya ya rubuto cewa sun wuce gidan mai. Daga gidan mai zuwa ƙofarsu ko rake ba za ka gama sha ba.

Jan-bakin ne ya fi tsorata shi, sai ga shi a nan ne hannunsa ya zauna. In taga ta karkace a gini ba ya rushe ta, layin fenti yake ɗan ɗagawa ta gefen da ya sauka, ido ya ruɗu. Haka ya yi mata a gefen bakin. Ya ja baya ya duba. In dai ba ta yi dariya ba, ba mai ganewa.

Saura gira. Ya kama haɓarta, ya riƙe numfashi, ya ja ta farko, ya ja ta biyu.

"Ya girar ta fito?" ta tambaya.

"Tsaf. Ko da ma'auni aka zo ba za a samu bambanci ba."

"Ka kashe ni."

"Me na yi kuma?"

"Ni na taɓa yin gira tsaf? Wutsiyar ta hagu kullum sama take tafiya, hannuna ne haka. Tun ina budurwa Inna ke min faɗa a kanta. Ta ga biyu daidai, ta san ba ni na yi ba. Ɗaga ta hagun kaɗan. Yi sauri!"

A waje aka danna hon. Ya kai jagirar kan girar da ke gefen hannunsa na hagu, ya ɗaga wutsiyar sama. Ya juya wajen madubin da ke jikin bango, wanda tawul ke rataye a kansa tun ranar da aka sallamo ta daga asibiti.

"Ki duba mana, ko sau ɗaya."

"Ba zan duba ba. Kai ni falo."

Ya zaunar da ita a kujerar da haske bai cika bugawa ba, ya kwantar mata da hannun a cinya, ya lulluɓe da mayafi. Ya tura jakar ƙarƙashin gado da ƙafa, sannan ya buɗe ƙofa.

Inna ta shigo tana dogara sanda, Yaya a bayanta yana zare ido, kwalbar ƙwayoyinta ta kumbura masa aljihun riga. Mai fenti ya durƙusa ya gaishe ta.

"Tashi, ɗan nan. Yau ba a fita aiki ba?"

"Fenti ne bai iso ba, Inna."

"Uhm."

Ta ja kujera ta zauna gab da 'yarta. Aka gaisa. Matar tana amsawa gajere-gajere, tana kiyaye bakinta. Inna ta tambayi yara da makaranta, ta yi ƙorafin ramukan hanya. Har Mai fenti ya fara jin iska na shiga ƙirjinsa. Sai tsohuwar ta ƙura wa fuskar 'yarta ido. Ta gyara tabarau.

"Wa ya yi miki kwalliya?"

"Ni mana, Inna."

"Da wane hannun?"

Mai fenti ya kalli fuskar matarsa, a nan ne ya gane kuskurensa. Wutsiyar da ya ɗaga tana kan girarta ta dama. Hagunsa ya bi, ya manta fuskantarta yake yi.

Inna ta miƙa hannu ta yaye mayafin. Ta ɗaga hannun 'yarta, ta sake shi, ya faɗo cinya kamar jiƙaƙƙen tsumma. Numfashin tsohuwar ya fara fita da ƙara. Ta dafe ƙirji. Yaya ya zaro kwalbar, murfin ya ƙi buɗuwa, ya sa haƙori. Mai fenti ya yi kicin da gudu, ya dawo da kofin ruwa rabi a ƙasa rabi a rigarsa.

"Inna! Inna, dube ni, na samu sauƙi, wallahi ina tafiya da ƙafata!" Matar tana magana bakin yana zubewa, ta daina ɓoye shi.

Inna ta haɗiyi ƙwayar, ta kurɓi ruwa, ta rufe ido. Suka tsaya a kanta su uku suna kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Aka ɗauki lokaci. Sannan numfashin ya lafa, ta buɗe ido.

"Ku matsa, kun tare min iska. Ban mutu ba." Ta dubi Yaya. "Kai da ni za mu yi magana a mota." Ta juyo kan 'yarta. "Kullum a waya lafiya lau, lafiya lau, harshe kamar an ɗaura masa dutse. Ina kwance ina ƙirga cututtukan duniya ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuke kira tausayi?"

Matar ta sunkuyar da kai, hawaye na tsaga hodar.

"Daina, za ki ɓata masa aiki. Bakin ya yi kyau, ban gane ba sam." Inna ta buɗe tafin hannu wajen Mai fenti ba tare da ta dube shi ba. "Jagirar."

Ya rarrafa ƙarƙashin gado ya zaro jakar, ya kawo. Ta lashi babban yatsanta, ta goge wutsiyar ta dama, ta kama haɓar 'yarta ta juyo da ita wajen haske. Ta ja, layin ya tafi sama a girar hagu, karkatacce kamar yadda yake tun asali.

"Matso nan, surukina, ka buɗe ido, tunda gobe ma kai za ka yi. In mace ta ce hagu, hagunta take nufi."