Gefen Anwar

Lalla Zuhur ta tsaya a bakin ƙofar gilashi tana gyara mayafi, ƙamshin man shanu da tafarnuwa na dukan hancinta. A Kasablanka ta tsufa, amma ba ta taɓa shiga gidan abincin Faransawa ba. Ɗanta Anwar ne ya bugo daga Liyon ta ƙasar Faransa, ya ce ta zo ran Juma'a bayan masallaci, ya shirya mata abin mamaki. To wane abin mamaki ɗa zai yi wa uwar da ta shekara da shekaru ba ta sa shi a ido ba, in ba ya kawo kansa ba? Tun Laraba ta wanke ɗakinsa, ta shanya barguna, ta fesa wa makwabta labari.

Ma'aikaci mai baƙar kwat ya kai ta tebur kusa da taga, ya sa hannu zai ɗauke faranti na biyu.

"Bar shi, ɗana. Na yarona ne, yana hanya."

Ya janye hannu. "Lalla, mutum ɗaya aka ce mana."

* * *

Wayarta ta yi ƙara. Ma'aikacin ya jingine mata ita da kofin ruwa, sai ga fuskar Anwar.

"Mmi, uwata! Kai, wannan kaftani! Ango za ki samo mana ne?"

"Rufe min baki, marar kunya. Kana ina? A bakin ƙofa kake?"

"Ina ofis mana. Ai abin mamakin kenan, tare za mu ci, ke can ni nan. Manyan gari ne ke cin abinci a wurin nan fa."

"Babbar Sallah fa? Za ku zo?"

"Sai mun gani, Mmi. Kin san makarantar yara."

Ta ce Allah ya yi albarka. Me za ta ce?

Aka kawo naman agwagwa, 'yan yanka a tsakiyar ƙaton faranti, kamar an ba yaro ɗanɗano. A da, ran Juma'a, akushi ɗaya na kuskus take girkewa, gida duka a kewaye shi, kowa da gefensa, ita tana tura wa Anwar tsoka a ɓoye.

"Mmi, ana kirana. Fara ci, yanzu zan dawo."

Fuskar wayar ta yi baƙi. Ta jira. A sauran teburan ana ta Faransanci ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Ko ranar da aka binne mijinta ba ta ji kaɗaici irin wannan ba, don ranar akwai masu riƙe ta.

Ta ture wuƙa da cokali, ta yi bisimilla, ta gutsuri burodi. Hannunta da kansa ya riƙa tura yankan nan masu kyau zuwa can gefen farantin, wajen wayar.

Da ma'aikacin ya dawo, ya dubi naman da ya huce a jere.

"Lalla, bai yi miki daɗi ba ne?"

"Ya yi, ɗana," ta ce. "Na ci nawa."