Uwar Maƙera a Tsakiyar Gulbi

A shekarun da ƙarfen Turawa ya cika kantuna, gidan maƙeran su Attahiru a Tambuwal ya fara mutuwa a tsaye. Kakanninsa tama suke haƙowa su narka, manoma daga Jabo har Dogon Daji su zo sayen galma. Yanzu kowane ɗan koyo sai ya sayi guntun ƙarfe a kanti ya bubbuga, wai shi ma maƙeri. Abin yana ci wa Attahiru rai, ga shi mutum ne da ba ya iya ɓoye fushi.

Can ƙasar Kebbe kuma, Na'iya masassaƙin jirgi yana cikin tasa damuwar. An yi gandun daji, an hana sare manyan itatuwan maɗaci, sai ƙananan da ba su isa jirgi ɗaya ba. Dabara ta rage a sassaƙa ɓari biyu a ɗinke da ƙusoshi masu baki biyu. Ya aika Tambuwal Attahiru ya ƙero masa, jaki ya kawo, amma ko ɗaya ba ta zauna ba, don kowace gaɓa da irin kaurinta. Sai dai in maƙerin yana tsugune kusa da icen, yana aunawa yana ƙerawa.

Attahiru ya je da kansa, ya ari kayan wani maƙerin ƙauye, suka ɗinke jirgi na farko. Da suka gama ya ce a haɗa gidajen biyu su zama ɗaya.

Na'iya ya yi dariya. "Malam Attahiru, jirgi nawa na. Ka riƙa ƙera mini ina sallamarka, mi ya fi wannan?"

"Ba barantaka niz zo nema ba," in ji Attahiru. "Gida nika son kawowa."

Bai jira amsa ba ya koma Tambuwal ya ɗauki diga. A zuriyarsu ba a tumɓuke uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ƙira a kai, sai in gidan ya ƙare. Goggo Atu, ƙanwar ubansa, ta tsaya a bakin rumfa tana hawaye.

"Attahiru, kakanka yak kafa ta. Kai za ka kashe muna gida?"

"Goggo, in ta zamna nan ita da dutse ɗaya na. Inda aiki yake can nika kai ta."

Zuciyarsa ta karye ƙwarai, amma bai ajiye digar ba.

Masassaƙar Na'iya tana hayin gulbi, ruwa kuwa ya kawo. Ga tsofaffin jirage a mashigi, Attahiru ya ce atafau sai sabon nan da suka ɗinke, wanda ba a taɓa gwadawa ba. Mutumin da ko wanka a tafki bai iya ba! Ƙarti suka ciccibi uwar maƙera suka aza, jirgin ya nutsa har kusa da baki. Na'iya ya kama gorar tuƙi yana ƙunƙuni.

Suna kaiwa tsakiya ruwa ya fara tsattsafowa ta ɗinkin. Icen bai jiƙa ya kumbura ba tukuna. Kafin ka ce me, ruwa ya rufe idon sawu.

"Nauyi ya yi yawa!" Na'iya ya yi tsawa. "Tura ƙarfen ga cikin gulbi mu tsira!"

"Sai dai ka tura ni."

"Mutuwa za mu yi, malam!"

"Dubi ƙusoshin. Akwai wadda tam motsa?"

Na'iya ya duba. Babu. Attahiru ya durƙusa ya rarumi ƙwarya yana kwarfar ruwa, bakinsa na salati, gwiwarsa ɗaya danne da ƙarfen kakansa. Na'iya ya dage da tuƙi har jijiyar wuyansa ta tashi. A hankali ɗinkin ya fara matsewa, ruwan ya ragu.

Da jirgin ya daki yashi, Attahiru yana nan durƙushe a kan ƙarfen. 'Yan'uwan Na'iya suka taho za su kai ƙarfen bayan danga, inda 'yan ƙodago suke ajiye kaya. Na'iya ya ɗaga musu hannu. Ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya ya kama gefe ɗaya da kansa.

"Tashi ka kama mini, ɗan'uwa," ya ce. "Tsakar fili za mu kafa ta, kuma kai za ka nuna wurin."