Busasshiyar Fuskar Ɗanliti

A Tafoki, in aka ambaci Ɗanliti sai a ce, "Wanga mai zuwa gayya da busasshiyar fuska?" Mata a bakin rijiya suna tausaya wa matarsa Mero. Samari kuwa cewa suke tsabar lalaci ne ya sa ko idonsa na hagu ba ya buɗewa duka.

Daga bakin yayansa Malam Harisu maganar ta fito. A gandunsu babba ke kama kunyar farko, ƙane ya bi ta damansa. Damina biyu ke nan duk sanda Harisu ya waiga, sai ya ga kuncin hagun ƙanensa ƙayau, alhali shi gumi har cikin ido. Can kuma Ɗanliti ya yar da fartanya ya dafe haƙarƙari.

"Kallo ka zo, sarkin hutu?"

"Yaya, kamar ana ja mini igiyar wuta daga baya zuwa ƙirji."

"Ƙaho nawa aka yi maka? Wanzami ya ce jininka lafiya lau. In an kai amfanin bana gida, ka fita gandu ka ci da kanka."

Ɗanliti ya san ko kunya goma ba zai iya nomewa shi kaɗai ba, ga 'ya'ya huɗu. Ya shige ɗaki. Kwanciya ba ta yiwuwa don numfashi, sai zama jingine da buhun masara. In ya fita a yi dariya, in ya zauna a ce ai ga shi nan.

Mero ta durƙusa gaban Harisu. "Yaya, ka kai shi asibiti ko don bakin mutane."

Ya yarda ne don likita ya kunyata raggo. Daga asibitin Ƙanƙara aka tura su babban asibiti, aka yi hoton ƙirji. Likita ta nuna wani farin dunƙule kamar lemo, manne da ƙashin baya.

"Malam, ƙari ne ya tsiro a kan jijiya, bayan huhu. Ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ba ya gumi ta hagu, ko?"

Harisu ya ɗago. "Wa ya faɗa miki?"

"Jijiyar da ke sa gumi a gefen nan ce ƙarin ya danne. Ita ce kuma ta saukar masa da fatar ido."

"To, a cire mana."

"Sai an buɗe ƙirji, masu aikin kuma kaɗan ne. Za ku jira kira."

A tasha suka zauna cikin mota, ana jiran ta cika. Harisu ya sayo ayaba ya aje wa Ɗanliti a cinya.

"Batun gandu, a bar shi."

Ɗanliti yana ta fama da numfashi. A kujerar baya akwai 'yan garinsu biyu, masu sayar da awaki. Harisu ya dube su, ya gyara murya yadda za su ji.

"Ɗanliti, ni na ɓata maka suna a gari. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."