Bakin Baba a Gaban Likita

Ni ce bakin Baba a asibitin Garwa. Shi Hausa da Fillanci yake ji, Dakta Pélagie kuma 'yar kudu ce, sai Faransanci. Tun da aka gano ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa nake tsayawa tsakaninsu ina fassara.

Kuma ina gyara. Babana, Malam Adoum, dillalin shanun da duk Touboro ta sani, ba zan bari ya yi shirme a gaban baƙuwa ba. A gidanmu ba a tona asirin babba. In ya saki zance ya kama wani, sai in ɗinke masa shi kafin ya isa kunnen likita. Har daɗi nake ji wai na iya.

Mako uku da suka wuce likita ta ce a kai shi Yawunde a yi masa aiki. Na mayar mata da amsa tsaf: ya gode, ya fahimta, ba ya so. Ta rubuta, muka koma gida.

Yau muka dawo, hannunsa na dama ya daina riƙe kofi.

"Karimatu, tambaye shi," in ji likita, "me zai faru in ba a yi aikin ba?"

Na durƙusa. "Baba, wai in ba a yi aikin ba, me zai faru?"

Ya yi murmushi. "Haoua, a kora su rafi kafin rana ta yi zafi."

Haoua mahaifiyata ce, shekararta shida da rasuwa. Bakina ya riga ya fara shirya wata amsa mai kyau. Na haɗiye ta, na faɗa wa likita abin da ya ce, kalma da kalma.

Ta ajiye biro. "Yaushe ya fara haka?"

"Ya daɗe."

Ta buɗe fayil, ta juyo mini da takardar rannan. "Wannan ƙin da ya yi, na karɓa ne don na ɗauka ya gane. Maganarsa ce?"

Tsoro ya rufe ni. Na tuna ya ce a'a. Na tuna kuma ya ambaci wani bijimi da ba ya so a sayar. Na yi ta lalube a kaina, na rasa wanne a'ar ta bi.

"Ban sani ba," na ce.

Baba ya taɓa kafaɗata da hannun hagu. "Faɗa mata daidai, 'yar nan. Ke kin iya."