Je Ki Kawo Min Ruwa

Karo na uku ke nan a wata ɗaya da malamar ajin 'yarsa ta kira shi. Mai gyaran firji yana durƙushe a bayan wata tsohuwar firiza, hannunsa duk baƙin mai, ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

"Ta sake fita," in ji malamar. "Ana tsakiyar lissafi ta miƙe. Mai gadi ne ya tare ta a bakin ƙofa, wai za ta je ta duba ko kana shago. Don Allah ka kai yarinyar nan a duba ta."

Shekarar 'yar tasa takwas. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Mamana yake ce mata. Tana da shekara uku uwarta ta rasu, ya rasa yadda zai yi da ita ga kuma aiki, sai ya kai ta wurin yayarsa a wani gari, tafiyar awa huɗu a mota. Shekara huɗu tana can, yana zuwa duk ƙarshen wata. Bara, da ya samu ɗaki biyu kusa da shago, ya ɗauko ta.

Ya zaci zaman zai yi daɗi. Ina! In ya shiga banɗaki, tana tsaye a bakin ƙofa. In ya aike ta shagon maƙwabci, sai ta kafe kamar an dasa ta, ko ta yi ta kuka har ta shiɗe. Mukullin babur ɗinsa kullum yana aljihun rigarta. Amma in ya kai hannu zai rungume ta, sai ta sandare ta kau da kai. Sau biyu ya daka mata tsawa har maƙwabta suka leƙo.

A asibiti aka auna ta daga sama har ƙasa, likita ya ce lafiyarta ƙalau. Suna fita wata nas ta bi shi, ta miƙa masa takarda da lambar waya. Ta ce na masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne.

"'Yata ba mahaukaciya ba ce," ya ce, ransa a ɓace.

"Wa ya ce hauka? Kai in firji ya fara ƙara, jira kake sai ya ƙone?"

Mako uku takardar tana aljihunsa. Da ya kira, aka ce manya kawai suke gani. Wuri na biyu suka ce layi ne, sai bayan wata biyar. Amma matar da ta ɗauki wayar ta saurare shi da kyau, ta ce ya nemi wanda aikinsa shi ne gyara shaƙuwa tsakanin yaro da wanda ya raine shi. Ya rubuta kalmomin a jikin kwalin wata firiza, ya yi ta bincike a waya kwana biyu, har ya samu wata likita mai ofis a saman wani kantin magani.

Ɗakin ba ya kama da asibiti. Darduma ce a ƙasa, da kwandon kayan wasa, da kujeru biyu masu taushi. Ya gaishe da likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ya duba agogo.

"To ga ta nan. Ƙarfe nawa zan dawo in ɗauke ta? Akwai mai kifi da ke jirana."

"Malam, zauna," ta ce. "A nan ba a barin yaro a tafi. Aikin naku ne ku biyu."

Ya zauna a gefen kujera. Mamana ta ɗauki wata 'yar tsana ta koma lungun ɗakin, inda take iya hango shi da ƙofa a lokaci guda. Likitar ta rage murya, ta tambaye shi rasuwar uwar, da zaman gidan goggo, da zuwansa duk wata.

"In za ka koma, yaya kuke sallama?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai nan ne dabara. Da farko in ta ga na ɗauki jaka sai ta riƙe ƙafata tana ihu, in fita zuciyata kamar ta tsage. Sai na gano hanya. In ce, Mamana, je ki kawo min ruwa. Tana shiga ciki sai in sulale. Ba kuka, ba rigima."

"Sau nawa ka yi haka?"

"Duk zuwa."

"Shekara huɗu?"

Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"In ta dawo da ruwan, me take yi?"

Bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba.

Da yamma, Mamana tana cin abinci a bakin shago, ya matsa can ciki ya kira yayarsa. Ya tambaye ta abin da yarinyar take yi in ta dawo da ruwan.

"Sai yau ka tambaya?" ta ce. "Tsayawa take da kofin a tsakar gida. Ba ta barin kowa ya sha. Ta ajiye maka a bayan ƙofa, wai Baba ya je nan kusa ne. Daga baya ta fara gudu, don ta riga ka. Tabon da ke haɓarta ka ɗauka na mene ne?"

"Kin ce a wurin wasa ta faɗi."

"Da kofinka ta faɗi. Na ga abin ya yi maka yawa, ga mutuwa ga aiki, shi ya sa na rufe maka. Ni ma ina da laifi, ni nake yi maka alama da hannu in ta shige."

Ya kashe wayar ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Ya sha taɓa tabon nan yana tsokanarta, yana cewa ƙiriniya ce ta jawo mata. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Mako na gaba, tun kafin ya zauna ya ce, "Likita, ni na lalata yarinyar nan."

"Ka yi abin da ya cutar da ita, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Ka yi shi ne kana gudun kukanta. Amma in ka zauna kana dukan kanka, nan ma ita ce za ta rasa ka. Tana buƙatar ta ga ka tafi a gabanta, ta ga ka dawo. Sau da yawa."

Haka suka fara. Zai durƙusa ya dube ta, ya ce zai sauka ƙasa, in dogon hannun agogo ya kai kan uku, wato bayan minti biyar, zai dawo. Ran farko ta yi ihu har mai kantin magani ya fito. Ya tsaya a kan matakala yana jin ta, ya riƙe ƙarfen benen da hannu biyu don kada ƙafarsa ta mayar da shi kafin lokaci. Minti biyar ɗin nan sun fi masa ɗaukar firiza zuwa hawa na huɗu nauyi.

A zama na shida likitar ta ce lokaci ya yi da zai gaya mata. Ya sauko kan dardumar.

"Mamana, lokacin da nake aikenki a gidan Goggo, guduwa nake yi. Ba jinkirinki ba ne. Ko da kin yi sauri kamar me, da ba ki same ni ba. Ki yafe min."

Ta ci gaba da tsefe gashin 'yar tsanar. Can ta ce, "Baba, kai maƙaryaci ne."

"Gaskiya ne. Na yi miki ƙarya."

Ta jefe shi da tsanar, ta same shi a ƙirji. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Hankalinsa ya tashi, ya kira likitar, ta ce yaron da ke tsoron a gudu a bar shi ba ya iya yin fushi, don haka ya bar ta ta yi fushinta.

Ba a warke a rana ɗaya ba. Wata huɗu suna hawa benen nan duk Laraba. Akwai ranar da taya ta fashe masa ya makara da minti ashirin daga lokacin da ya ce mata zai dawo, aikin mako uku ya koma baya. Har yanzu malamar tana zaunar da ita kusa da taga, tana kuma leƙen titi, sai dai ta daina fita. Shi kuwa in ya kalli haɓarta, abin yana nan yana cinsa, bai kuma sa ran zai daina ba.

Wata Asabar 'yar wani mai ɗinki na layinsu ta leƙo shagon da igiyar tsalle. Mamana ta dube ta, ta dubi ubanta.

"Baba, zan je bayan layi. Kana nan?"

"Ina nan har la'asar."

Ta tafi, tana waiwaye har ta sha kwana. Ya koma kan injin da yake kwancewa. Sukurori huɗu ne kacal, amma sai da ya ɗauki rabin awa yana neman inda ya ajiye na huɗun.